Hanji a Kan Farar Shadda

Shekara biyu majigin haska hotuna yana cikin kwalinsa a ofishin hedimasta, an ɗora masa buta a kai. Wata ƙungiya ce ta kawo shi makarantar firamaren da ke bayan kasuwar Bilbis. Aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, aka mayar da shi kwali don kada ya tsufa. Malam Munzali mai koyar da kimiyya shi kaɗai abin ya dama. Ya gaji da zana hanji da alli, yara suna tambayarsa sunan macijin.

Sai saƙo ya zo daga Gusau cewa ranar Talata Hajiya Balkisu mai duba makarantu za ta zo ta ga darasi da majigi. In ba a aiki da shi, za ta wuce da shi Bungudu, inda aka ce akwai masu so.

Munzali ya aro janareta wurin mai aski. Ya sami farar ƙasa ya shafe bango kusa da allon aji shida. Ranar Litinin bayan an tashi ya gwada, hoto ya fito tas. Ya hau babur ya koma gida Tsafe yana murmushi.

To, hedimasta Alhaji Haliru yana da al'ada guda da bai taɓa saɓawa ba. Duk lokacin da baƙo zai zo, sai a fasa tsofaffin batura, a kwaɓa baƙin garin da gawayi, a shafe alluna. Ilmi dai Allah ke bayarwa, amma baƙin allo aikin hedimasta ne. Da la'asar ya zagaya, ya ga wani wuri fari fat a aji shida, ya girgiza kai.

Da safe Munzali ya tarar da bangon baƙi ƙirin.

"Ranka ya daɗe, wa ya yi wannan aiki?"

"Ni na sa. Allo ya koɗe haka ba ka faɗa ba? Ba sai ka yi godiya ba, Malam."

Kafin ya amsa, motar Hajiya ta tsaya. Aka zaunar da ita, aka tada janareta, aka kunna majigi. Bango ya haɗiye hoton gaba ɗaya. Hajiya ta jira kaɗan, sannan ta leƙa taga ta ce wa direba ya buɗe but ɗin mota.

Munzali ya duba hagu, ya duba dama. Babu farin abu a ajin sai babbar rigar da Alhaji ya sa don baƙuwa, shadda ce mai faɗi, ta sha sitaci.

"Ranka ya daɗe, ɗan tsaya nan. Buɗe hannuwa."

"Addu'a za a yi?"

"Kusan haka."

Sai ga cikin ɗan Adam ya bayyana a kan rigar. Maƙogwaro ya sauko daga wuyan Alhaji, tumbi ya zauna daidai inda Allah ya ajiye na asali. In ya ja numfashi, hanji ya motsa. Ajin ya yi tsit irin wanda ba a taɓa ji a makarantar ba.

Wata yarinya, Kulu, ta ɗaga hannu. "Malam, kokon da Baba Hedimasta ya sha, yanzu yana ina?"

Munzali ya nuna da sanda.

"Malam, sandarka," in ji Alhaji a hankali.

Can hannuwansa suka gaji, ya fara saukewa.

"Alhaji, hanta ta faɗi," in ji Hajiya. Ya ɗaga.

Da aka gama ta ce direba ya rufe but. Ta ce ta zagaya makarantu da yawa, ba ta taɓa ganin shugaban da ya ba da kansa ga ilmi haka ba. Za ta dawo da abokan aikinta su ma su gani.

"Wane darasi ne na gaba, Malam?"

"Yadda ɗan akuya ke kwanciya a cikin uwarsa, Hajiya."

Ko azahar ba a kira ba aka ga Alhaji Haliru a aji shida, ya naɗe riga a kafaɗa, da bokitin farar ƙasa, yana shafa bango da hannunsa.