Maigidan Ƙaiƙayi

Daren jiya, ina sa haƙarƙarina a ƙasa, wani mafarki ya same ni, kuma zan faɗe shi yadda ya zo. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai.

Saniya ɗaya gare mu a gidan nan, Kyalla, saboda farin da ke goshinta. Shekararta tara a turke ɗaya, bayan rumbu. Da nononta ake dama furar gidan nan, man nononta ake sa wa tuwo, takinta ne a gonar bayan gida. Wata biyu ke nan da ta haifi maraƙi, ɗan baƙi mai dogayen ƙafafu. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙwaryar tatsa ya san saniya ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa. In ya ja nonon ya sauko, sai a janye shi a ɗaure kusa da kanta tana lasarsa, a tatsi kan nono uku a bar masa ɗaya. Haka na tarar ana yi, haka nake yi.

To ɗana Sallau, wanda tun da ya sayi waya mai hoto ya zama malamin kowane fanni, ya gano cewa wannan ɗayan da ake bar wa maraƙi asara ne. Matarsa Ladidi tana kai kindirmo bakin titi, masu saye sun fi nonon yawa. Dabararsa ita ce a kira Mati mahauci ya yanka maraƙin, a cusa wa fatar ƙaiƙayi, a ɗinke, a riƙa ajiye wa Kyalla a gaba lokacin tatsa. Wai za ta lasa, ta ji ƙanshin ɗanta, ta saki nono, su kwashe duka huɗun. Na ce masa Fulani na yin haka, amma sai in maraƙi ya mutu don kansa. Ya ce zamani ya canja. Kwana huɗu muna ja. Jiya na gaji, bayana na ciwo, na ce, "Ku yi abin da kuka ga dama." Sallau ya ce to Mati zai zo da sassafe. Da wannan na kwanta.

Sai ga ni tsaye a ƙofar gidana da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana hawa sama, matan unguwa sun kife ƙore a kan iska suna tara. Ban yi mamaki ba. Na dai tattare bakin rigata don kada ya jiƙa ni ta ƙasa, na shiga zaure.

Kyalla ce zaune a kan buzuna, ta harɗe ƙafafun gaba, rediyona a kunnenta. Ta rage murya ta dube ni.

"Malam Jatau," in ji ta, "wa kake nema?"

Na ce, "Gidana ne."

"Maigidan yana ciki," in ji ta. "In saƙo ne ka ba ni."

Na ce mata saniya ba ta zama a kan buzun mutane. Ta ce tun da aka daina zama a kansa don yanke magana, ta ga gara wani ya ɗumama shi. Ta mai da rediyo kunne.

Sai ga ni a tsakar gida. A jikin rumbu an jingine wani mutum, sanye da babbar rigata ta Juma'a da hulata, har da carbina a hannu. Na matsa kusa. Ni ne. Fatata ce, da furfurata, da tabon lauje da ke hannuna na hagu. An cusa mata ƙaiƙayi an ɗinke ta baya da zaren buhu, kuma ɗinkin ma na ganganci, irin na wanda yake sauri ya koma kan waya. Kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Sallau ya fito daga ɗakinsa da ƙwarya, ya durƙusa gaban wannan abu.

"Baba, an tashi lafiya?"

Abin ya ce, "Ku yi abin da kuka ga dama."

"Madalla, Baba."

Sai ya ja shi ya manna wa rumbu. Rumbun ya sunkuyo, ya fito da wani dogon harshe ya lashi rigar tun daga wuya har ƙasa, ya shinshina hular, ya yi ajiyar zuciya. Gero ya fara zubowa ta gindinsa. Sallau ya tara ƙwarya. Ta cika, ya kawo kwando. Ya cika, ya kawo buhu.

Na ce, "Kai Sallau! Wannan geron na damina ne, ba a taɓa shi sai an yi shuka!"

Ya waiwayo ya dube ni kamar yadda ake duban mai tallan maganin gargajiya.

"Bawan Allah, a yi haƙuri, da maigida muke magana." Ya juya ga ƙaiƙayin. "Baba, a ci gaba?"

"Ku yi abin da kuka ga dama."

Ladidi ta leƙo daga madafa, hannunta duk gari. Ta ce, "Wallahi tun da aka yi wa Baba sabon ciki gidan nan ya zauna lafiya. Da can sai ka ce gari ya waye ya ce wa ya ce maka."

Sai ga matata Kande ta zo da kwanon fura. Shekara arba'in da uku muna tare da matar nan. Ta wuce ni kamar ta wuce turmi, ta ajiye kwanon gaban ƙaiƙayin, ta gyara masa hula.

Na ce, "Kande, ke ma?"

Ta ce, "Wannan bai taɓa ce mini fura ta yi tsami ba."

"Ai ba ya sha!"

"To shi ne na gani." Ta zauna, ta ɗauki ludayi ta shanye furar da kanta. "In kana da ƙara, ofis yana bayan gida."

Bayan gida, inda muke zuba toka, an kafa tebur. Wata akuya ce a zaune da tabarau, hatimi a gabanta, tana cin takardun da aka kawo mata ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta cinye takardarsa, an amince da ƙararsa ke nan. Ni ba ni da takarda. Na ce mata an saci fatata an ba wani.

"Sunanka?"

"Jatau."

"Akwai Jatau a gidan nan, an riga an buga masa hatimi. Me ya raba ka da shi?"

Na ce ni ina numfashi.

"Kowa na yi. Sai me?"

Na ce ni na gina gidan, ni na haƙa rijiya, ni na kafa turken Kyalla da hannuna.

"Wannan da ne," in ji akuya. "Ofishin nan na yau ne. A kan maganar maraƙi, me ka ce?"

Na ce na yi kwana huɗu ina hanawa.

"Ban tambaye ka na huɗu ba. Na biyar."

Ta ɗago tabarau ta jira. Na ce, "Na ce su yi abin da suka ga dama."

Ta buɗe wani littafi ta duba, ta ciji gefensa. "Shi ma abin da yake cewa ke nan. Kuma shi ba ya cin tuwo, ba ya ciwon baya. In kai ne mai gida, wanne za ka ajiye?" Ta ɗauki hatimi ta buga mini a goshi. Na shafa na ji an rubuta wani abu, amma ni ban yi boko ba. Na tambaye ta me ke ciki. Ta ce an rubuta "ƙari".

Sai ga ni a bakin turke, an ɗaure ni da igiyar maraƙi. Ƙullin ma ba a iya ba, irin wanda na sha nuna wa Sallau cewa yana shaƙe dabba. Kyalla ta bar zaure ta dawo wurinta tana tuƙa. Maraƙin yana gefenta da ransa, yana kaɗa kunne. Kusa da shi an ajiye buhun ƙaiƙayi da basilla da zare, an jera su tsaf kamar kayan lefe.

Na ce mata, "Ke ba ki san abin da ake shirya miki ba ne?"

"Na sani."

"Kuma za ki lashi fatar ki saki nono?"

"Zan saki," in ji ta. "Hantsa in ta cika ciwo take yi, dole a sauke. Su kuma sai su ce sun yi mini wayo. Malam Jatau, ni da na lashe yaron nan tun yana jiƙe, kana ganin ba zan bambance shi da buhu ba? Rumbun can ma ya sani. Kande ma ta sani. A gidan nan duka, mutum biyu ne kawai suka yarda dabarar tana aiki, ɗanka da wayarsa."

Na ce to me ya sa ba ta yi magana ba.

Ta daina tuƙa ta dube ni. "Ni saniya ce. Shekara tara ina ba ku uku ina riƙe ɗaya, ban taɓa neman a gode mini ba. Ɗayan nan kai ne kake tsare mana shi. Jiya bayanka ya yi ciwo."

Ni da mutanen garin nan suke gudun zama da ni saboda karin magana, na laluba cikina in ɗauko guda in jefe ta da shi. Na buɗe baki. Ƙaiƙayi ne ya zubo. Na sake buɗewa, wani ya sake zubowa, har da ɗan tsinken kara. Maraƙin ya matso yana ci daga haɓata.

Ruwan da ke hawa sama ya tsaya cak. Sai ga wata wuƙa ta shigo ta zaure tana tafiya da kanta, ta yi sallama. Mati mahauci yana biye da ita a baya, riƙe da dutsen wasi, yana haki.

"Rankishidaɗe, a hankali," yake ce wa wuƙar. "Ƙafata ba irin taki ba ce."

Wuƙar ta tsaya tsakar gida ta ce ita ba ta aiki sai da izinin maigida, haka aka koya mata. Sallau ya ruga ya ɗauko na ƙaiƙayin a kafaɗa, ya dasa shi gabanta. Garin sauri ɗinkin baya ya ɓalle, cikin ya fara tsiyaya, Ladidi na biye tana tarewa da faifai tana mayarwa.

"Maigida, a yanka?" in ji wuƙar.

Kan abin ya langaɓe gefe. Sallau ya tallafe shi, ya matse masa ciki kamar mai hura wuta da zugazugi.

"Ku yi abin da kuka ga dama."

Wuƙar ta ce madalla, ta kwanta a kan dutsen, Mati ya fara wasa ta. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Na ja igiya, ta shaƙe ni. Na tura hannu cikin bakina ina yaso ƙaiƙayi ina zubarwa, ina neman ko kalma ɗaya ta rage a ƙasa. Na yaso na cika kwando. Kande ta zo ta ɗauke kwandon ta ce dama tana neman na hura wuta. Na ƙara tura hannu har gwiwa. Can ƙasa na taɓo wani abu ƙarami mai tauri, kamar tsakuwa a cikin tuwo. Na kama shi na fara jawowa. Maraƙin ya daina ci, ya juya yana kallon dutsen. Ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Na buɗe ido. Gari ya yi haske, ina kwance a kan tabarmata, bayana na ciwo kamar jiya. Ruwa ba ya hawa ko'ina. Amma ƙarar ba ta tsaya ba. Daga tsakar gida take zuwa, ƙyas, ƙyas, kuma ina jin muryar Mati yana tambayar Ladidi ko akwai ruwan zafi.

Na shafa bayana, ban ji ɗinki ba. Ban nemi takalmi ba, ban nemi hula ba. Na fito na tarar da Sallau ya riga ya kwance maraƙin, igiyar a hannunsa, buhun ƙaiƙayi jingine da rumbu. Kyalla ta miƙe wuya iya tsawon igiyarta.

Sallau ya ce, "Baba, an tashi lafiya? Ai jiya ka ce..."

Na ce, "A'a."

"Baba, ai magana ta riga ta..."

"Na ce a'a. Mai da shi wurin uwarsa, kuma ka gyara ƙullin nan kafin ka shaƙe shi. Mati, sannu da zuwa. Ka zauna a dama maka fura, sai dai ka jira a tatsa, kuma uku za a tatsa."

Mati ya dubi Sallau, ya dubi wuƙarsa, ya goge ta a cinya ya mai da ita kube. Kande ta fito daga ɗaki da ƙwaryar tatsa, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, ba hula ka fito?"

Na ce ta kwashe buhun can ta hura wuta da shi.