Tantin Birai

Kwana tara ke nan Zsombor yana sarautar birai a wani tsohon wurin fasa dutse da ke bayan Budapest. Fim ne na ƙarshen zamani: birai sun yi wayo sun karɓe duniya, mutane sun manta magana, suna kwana a keji. Kullum sai Piroska mai kwalliya ta yi awa uku tana liƙa masa fuskar roba.

Gam ɗin fuskar ba ya jure sanyi, shi ya sa aka kafa wa birai tanti mai ɗumi, can suke shan miya. Masu fitowa a mutane kuwa taɓo ake shafa musu, sai aka hana su shiga don kada su ɓata kaya. A waje suke cin burodi, ƙanƙara na zuba. Babu wanda ya tsara haka da mugunta, abin da ya fi damun Zsombor ke nan.

Ran nan ya hango wani tsoho a takure cikin tsumma. Malam Kelemen ne, wanda ya koya masa wasan kwaikwayo, har da tafiyar goggon biri. Zsombor ya ɗauki kwanon miyarsa ya miƙe.

"Ina zuwa, ranka ya daɗe?" in ji Piroska. "Kana fita fuskar nan za ta tsage. Darakta ba zai jira awa uku ba, Botond mataimakinka zai naɗa. Tun jiya yake gwada kujerarka."

"Minti biyu kawai."

"Ko ɗaya ba za ta kai ba."

Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ya fita.

Tsohon ya ɗago kai. "Wane biri ne wannan mai tafiyar ma'aikacin banki? Sauke kafaɗa, ɗan banza!"

"Ni ne, Malam."

"Na sani. Tun ranar farko na gane ka, da wannan ƙafar hagun taka."

Ya karɓi kwanon da hannu biyu yana rawar sanyi. Zsombor ya ji robar ta dare daga kunne zuwa haɓa.

Bayan cin abinci aka naɗa Botond. Zsombor kuwa aka shafe shi da taɓo, aka tura shi keji kusa da malaminsa. Sabon sarki ya zo wucewa yana taƙama, kafaɗa a ɗage.

Malam Kelemen ya zunguri Zsombor. "Dube shi. Kai ka koya masa?"

"Ni ne."

"Ai da gani."