Shaidar Tururuwa

Ina juya waina a bakin Kasuwar Assihar, a nan ƙasar Larabawa, wayata ta yi ƙara. Zainaba ce, ƙanwata, wadda ko sati biyu ba ta yi da haihuwa ba.

"Yaya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "tun shekaranjiya nake canja masa tsumma. Na ɗauka fitsari ne. Yaya, ba fitsari ba ne."

Na san ruwan nan. Zuba yake yi kamar daga tulun da ya tsage, yaro na tsotso yana fita, har maɗigarsa ta faɗa.

"Gwaggo ta ce gobe da safe za a gwada ni," in ji ta, sai ta kashe wayar.

Sai da wani lebura ya ce, "Hajiya, wainarki fa ta zama gawayi," sannan na tuna inda nake.

* * *

Gwaggo ƙanwar babanmu ce, kuma uwar mijina. Haka gidanmu yake tun daga Damagaram, ba ma kai 'ya waje. Tuwona maina, in ji manya, shago ma ba ya fita hannun dangi.

Ɗana na fari lafiya lau ya tashi, ga shi can yana karatu a lekkol. Na biyu, Musbahu, zawo ya tafi da shi kafin a yi arba'in. A kansa aka fara gwada ni. Aka sa na tatsa a ƙoƙo, Gwaggo ta jefa tururuwa a ciki, mata suka kewaye suna leƙe. In ta fito, nono na da kyau. In ta mutu, nono ne ke kashe yaro. Ta mutu. Aka cire mini ɗa daga ƙirji aka koma ba shi madarar akuya, ni kuma aka dinga ɗura mini jiƙo mai ɗaci. Na ce ai nonon nan babban ya sha. Gwaggo ta ce nono juyawa yake yi.

Da na haifi Jannatu abin ya dawo, ban jira kowa ba, na goya ta sai lopital, asibitin garin. Likitar Balarabiya ce, wata Buzuwa 'yar Agadas da ke aiki wurin tana mayar mana da Hausa. Bayan kwanaki ana ƙarin ruwa, likitar ta tambaya ko ni da maigidana mun haɗa jini. Na ce ɗan gwaggona ne, iyayenmu ma haka suka yi. Ta ce ga dukkan alamu hanjin yarinyar ne ba ya riƙe abinci, da shi aka haife ta. Iri ne da ke ɓoye a jini, sai na uba ya gamu da na uwa yake fitowa, kuma ba a kan kowane ɗa ba. Ta ce irin waɗannan yara ta jijiya ake ciyar da su, sai a babban lopital na Alje, babban birnin ƙasar. Mu da ko takardar zama ba mu da ita, jandarma kawai muke gani mu sauya hanya, ina mu ina Alje?

Na ce a tambayar mini ita, nonona fa? Ta girgiza kai tun kafin Buzuwar ta ƙarasa. Maigidana na tsaye, da kunnensa ya ji, ga shi ya fi ni jin Larabci.

Muka binne Jannatu. Da na kai wa Gwaggo maganar likita ta ce, "Jinin gidanmu kike zagi?" Na dubi maigidana. Ya sa takalminsa ya ce ana jiransa a shago.

Da aka tashi haɗa Zainaba da ƙanensa Salifu, na durƙusa gaban Gwaggo na roƙe ta. Aka ce baƙin ciki nake yi wa 'yar'uwata. Aka sha biki.

* * *

Da sassafe na isa gidan su Zainaba a unguwar Tahaggart. Mata sun riga ni. Zainaba na zaune bakin tabarma ta sunkuyar da kai, gabanta a buɗe gaban mutane, tana tatsa tana hawaye. Yaron, Abdurrahman, yana hannun wata maƙwabciya, idanunsa sun zurma, ko kukan kirki ba ya iyawa. A gefe ga kwanon madarar akuya an riga an ajiye. Ashe tun kafin shari'a an yanke hukunci.

"A'a, Gwamma, wa ya kira ki?" in ji Gwaggo. "Ki tsaya daga can, kada inuwarki ta faɗa a ƙoƙon."

Ta buɗe ƙullin leda, ta karkaɗa tururuwa a nonon. Suka yi ta wutsil-wutsil, suka yi shiru.

"Kun gani da idonku," in ji Gwaggo.

Ban san lokacin da na fizge ledar ba. Na zazzage sauran a kwanon madarar akuya. Suka yi wutsil-wutsil ɗinsu su ma, ɗaya ta kama gefen kwano ta zame, suka yi shiru.

Na ce, "Gwaggo, akuyar ma sai a ɗura mata jiƙo."

Wata ta yi dariya ta toshe baki da mayafi.

"Ba ki da kunya, Gwamma," in ji Gwaggo.

"Kunyar ce ta binne mini biyu. Ko a ruwan rijiya kika jefa tururuwa nutsewa za ta yi. Likita ta faɗa, gado ne, a jininmu yake, mu duka. Ga ɗanki nan, a tambaye shi!"

Maigidana da Salifu suna zaure suna shan shayi, labule kawai ya raba mu. Na ɗaga murya na ce maigidana ya faɗi abin da ya ji daga bakin likita. Sai ƙarar cokali a kofi. Can ya ce, "Wannan maganar mata ce."

Gwaggo ta gyara zama, ta dube ni, ta dubi Zainaba, ta yi murmushi.

"Yau kam kin faɗi gaskiya, 'yar nan. Gado ne. Ya da ƙanwa, nono ɗaya kuka sha. Wurin uwarku kuka ɗauko shi. Allah ya jiƙanta, ai dama ita ba 'yar ɗakinmu ba ce."

Mata suka gyaɗa kai. Innarmu da kakanta da na Gwaggo ɗaya ne, yau ta zama bare don ba ta da bakin magana.

Na karɓi yaron daga hannun maƙwabciyar, na mayar da shi ƙirjin uwarsa, na ce ta tashi mu tafi. Ba wanda ya hana mu. Ba wanda ya raka mu.

* * *

A lopital ya cika, da allurar ruwa a fatar kansa, don an rasa jijiya a hannu. Bakinsa na kan nonon uwarsa. Wannan kaɗai na iya ƙwato masa.

Yanzu in ana suna a unguwa, ni da Zainaba wajen wanke-wanke ake kai mu. Ba a miƙo mana jariri. Na ji Gwaggo ta aika Damagaram a nema wa Salifu 'yar kawunmu, wai a samo mai lafiyar nono.

Ni ina nan bakin Assihar da tandata. Kullum da safe in na buɗe kwanon madarar da nake zuba wa masu shayi, ba na rasa tururuwa ɗaya ko biyu sun faɗa ciki. Sai in karyi tsinken tsintsiya in miƙa mata. In ta kama, in ajiye ta a ƙasa, in tsaya har ta bushe ta tafi.