Sunan da Baffa Bai Faɗa Ba

Tun tana 'yar shekara goma Baraka take kayar da maruƙa. In masu allurar shanu suka zo garken ubanta a ƙauyen Fulatan, ita ce ke sunkuyawa ta rungumo ƙafafun maraƙi, ta sa kafaɗa, sai ka ji tim. Wannan kafaɗar ce Malama Lami, mai koyar da wasanni a kwalejin da Baraka ta shiga a Kano, ta gani ta ce wallahi ba za a yi asararta ba. Ta miƙa mata ƙwallo mai siffar ƙwai, ta ce wasan sunansa zari-ruga: ki ɗauka ki sheƙa da gudu, in wata ta ɗauka ki kai ta ƙasa.

Shekara huɗu tana yi, da dogon wando da ɗankwali ɗaure tam. Ta fasa leɓe, ta goce yatsa, ta sha surutun mutane har ta ƙoshi. A damunar 1997 aka zaɓe ta cikin mata goma sha biyu da za su je gasa a Kenya. Abu ɗaya ya rage, fasfo. Budurwa kuwa ba a ba ta sai ubanta ya zo da ƙafarsa ya shaida 'yarsa ce, kuma ya yarda ta tafi. Ranar Alhamis da la'asar za a wuce Legas da takardun. Wadda nata bai cika ba, a sa wata.

Kowa ya ɗauka ubanta, Hammawa, zai hana. Ko kusa. Ya bar shanu a hannun ƙanensa, ya zura babbar rigarsa ta Sallah, suka hau motar Kano a Rogo tun da sassafen Alhamis ɗin. Damuwar Baraka daban take. Ita ce 'yar fari, kuma Hammawa Bafulatani ne na asali, kunyar ɗan fari ta riƙe shi har wuya. Tun haihuwarta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa cewa 'yata ba. Kakarta Hajo ce ta raine ta, shi ya sa in ta kama dole yakan ce "'yar Hajo". A mota ta yi ta jujjuya maganar a baki, amma ina ita ina ce wa Baffa, kamar yadda take kiransa, ya faɗi sunanta?

A ofishin fasfo, sai bayan azahar layi ya zo kansu. Jami'in baƙo ne a ƙasar Hausa, Hausar bariki ce a bakinsa, ga shi ya sha ganin ubannin haya da ake ɗaukowa a tasha don a fitar da 'yan mata waje. Ya dubi Hammawa.

"Baba, wannan 'yarka ce?"

Hammawa ya sunkuyar da kai. "'Yar gidanmu ce, ranka ya daɗe."

"Ban tambaye ka gida ba. Kai ka haife ta?"

"A hannun tsohuwata ta tashi."

Baraka ta matso ta ce, "Yallaɓai, ubana ne. Al'ada ce, ni ce ta fari, ba ya iya..."

"Ke, yi shiru, ba ke nake tambaya ba. Baba, mene ne sunanta?"

Mutumin da ke tarar bijimi da sanda ɗaya, sai ga shi gumi na bin gemunsa. Mutane cike da ɗaki, kowa ya zuba masa ido. Ya buɗe baki, ya dubi bango, ya rufe.

"Ai yana nan a rubuce," in ji shi a hankali.

Jami'in ya rufe fayil ɗin, ya ture shi gefe. "Ku je ku zo da uban gaske. Na gaba."

A bakin ƙofa Malama Lami, da ta tarye su a can, ta roƙi masinja, ta roƙi akawu, har ta koma ciki da kanta. Aka ce an rufe aikin yau. Ta dawo idonta ja, ta dafa kafaɗar Baraka, ta tafi kai sunan wata.

Baraka ta ji haushin ubanta, haushi mai ɗaci wanda ba ta taɓa sanin tana da shi ba. Shekara huɗu ta tafi a banza saboda kalma ɗaya. Amma ita ma tarbiyyar gidan ce a jikinta. Ta karɓi jakarsa ta riƙe masa har tasha.

Motar ta cika maƙil, aka matse su kujera ɗaya, shi a jikin taga. Sun kusa Karaye, dawa ta rufe hanya hagu da dama, sai ta ji yana motsa baki. Ta ɗauka tasbihi yake. Ta kasa kunne. Fuskarsa na waje, muryarsa can ƙasa da ƙarar injin, yana gwadawa kamar mai koyon karatu.

"Baraka. 'Yata ce. Sunanta Baraka."

Ya sake daga farko. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, don kada ya san ta ji.