Ceɗiyar Mijinyawa

Tsoho Mijinyawa na tsugune yana zuba wa ceɗiyarsa ragowar ruwan alwala, sai ga Gwadabe dillalin goro ya tsaya a kansa.

"Yau za a sare ta, Baba. Dattawan Sabo sun gama magana."

Tun daga Bichi Mijinyawa ya ɗauko reshenta, ya dasa a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Sabo ta birnin Badun, yana roƙon Allah inuwa da kurciyoyi irin na garinsu. Inuwa ta samu. Kurciya kuwa ko ɗaya. Jemagun Badun ne suka tare a kai, suna zuba kashi a huhunan goron Gwadabe.

"Laifin me ta yi?"

"Yaƙi ake yi. In jirgin Biyafara ya hango ta, zai ɗauka bariki ne."

"Barikin jemagu?"

"Na dai faɗa maka."

Mijinyawa ya san masu saran Yarbawan unguwar Mokola ne, kuma ba sa taɓa itacen da aka ɗaura wa farin ƙyalle, don sun ce akwai mai shi a ciki. Ya shiga ɗaki ya buɗe akwati. Farin yadi ɗaya ya mallaka, likkafanin da ya tanadar wa kansa. Ya naɗe gindin ceɗiya da shi, ya ɗiga manja.

Da hantsi masu gatari suka iso. Babbansu ya dubi ƙyallen, ya cire hula, ya rusuna, suka juya. Gwadabe ya bi su har titi yana rantsuwa tsohon nan ne ya ɗaura da hannunsa.

"To ai na cikin ne ya sa shi," in ji mutumin.

Kafin azahar labari ya kai Mokola. Mata suka cika gindin itacen da ƙosai da kaji, kowace na roƙon ɗanta soja ya dawo da rai. Liman ya aiko cewa kada Mijinyawa ya ƙara tsayawa a sahun gaba.

Mijinyawa ya ɗauko tabarma zai shimfiɗa inda ya saba, wata tsohuwa Bayarbiya ta tare shi da sanda, tana kiransa da sunan da suke kiran Bahaushe.

"Gambari, matsa can! Nan wurin Baba ne."

"Wane Baban?"

Ta nuna ceɗiyar.

Ya tsallaka titi ya zauna cikin rana, kusa da Gwadabe. Ya daɗe yana kallon jemagu na lilo a rassa, gumi na bin gemunsa.

"Ka ga," ya ce, "daga nan ma ta fi kyan gani."