Lasisin Tsallaken Kogi

Da kogi ya yi ambaliya ya cinye makarantar firamaren garin, sai aka kwashi yara aka tsallaka gada da su zuwa wani tsohon coci da aka samu aro. Tafiya ce wadda ko gahawar hannunka ba ta huce ba ka isa. Amma fa gadar nan ita ce iyakar jiha.

Darlene Yoder, malamar da ke gyara wa yara magana, tana cikin jera katunanta masu hotuna sai ga hedimasta Haugen ya leƙo yana sosa ƙeya.

"Malama Darlene, ki yi haƙuri, tattara kayan nan za ki yi. Lasisinki na can ne, nan wata jiha ce."

"Wata jiha? Haba Mista Haugen! Ga rufin gidana can ina hangowa ta taga!"

"Ni ma ina hango nawa. Sai hukumar nan ta ba ki nata lasisin, kuma an ce sai bayan hutu."

"To harsunan yaran ne suka canja da muka hau gada, ko nawa?"

Ya ce dai idan aka kama ta tana aikin, har lasisin can ɗin sai ya tafi, shi ke nan yaran sun rasa ta gaba ɗaya. Amma tana iya taimakawa wajen rabon abinci, wannan ba ya son lasisi. Ji wani wulaƙanci! Ranta ya ɓaci, ta saka rigar aikin kicin ta kama ludayi.

Ba kanta take ji ba, Wren take ji, wata ɗalibarta 'yar shekara shida da maganarta ke maƙalewa a maƙogwaro. Da ƙyar da lallashi yarinyar ta fara haɗa kalma biyu a bana, kuma irin wannan idan aka sake shi, baya yake komawa.

Da rana Wren ta iso kan layi riƙe da faranti. Madara take so. Ta haɗe leɓɓa, "Mm... mm..." abin ya tsaya cak. Sai ta ɗago ta zuba wa bakin Darlene ido, don haka suka saba: malama ta taɓa leɓenta da yatsa, ta buɗe baki a hankali, yarinya ta bi ta. Yaran baya suka fara ƙyalƙyala dariya. Haugen na tsaye a bakin ƙofa tare da wata jami'ar ilimi ta wannan jihar, suna kallo.

Hannun Darlene ya taso zuwa bakinta, ta mayar da shi kan ludayi ta damƙe.

Wren ta jira. Ta ƙara jira, fuskarta ta yi ja. Daga nan ta sunkuyar da kai, ta miƙa yatsa ta nuna kwalin madarar kawai.

Darlene ta miƙa mata. Rabon yarinyar nan da ta roƙi abu da yatsa tun bara.