Muryar da Ɗantala Ya Goge

"Ɗaga ƙafar nan, ko in ɗaga ma ita."

Lantana ta matse tsumma cikin ruwan zafi ta ɗora wa Mamuda a gwiwa. Ya ja iska ta tsakanin haƙora, amma idonsa bai bar tabarma ba, inda abokinsa Ɗantala ya ajiye kwalaye biyu da ya karɓo daga wani shago a Gusau, a zaɓi ɗaya a mayar da ɗaya. Kafca suke ce wa abin. Ana jona ta tsakanin gem da talabijin, sai ta kwashe wasan duka har da surutun mai bugawa, a sa wa duniya ta kalla.

"Babbar za mu ɗauka," in ji Ɗantala. "Hotonta ya fi tsabta. A jona ta da kwamfutar shago, shi ke nan."

"Kwamfutar shagonka dai," Mamuda ya ce. "In ciwo ya kada ni fa? In an ɗauke wuta fa? Ƙaramar ga ba ruwanta da kwamfuta. Memori gare ta, batirin cajin waya na tada ta, ga kuma ramin makirfo. In da sabis in yi kai tsaye, in babu in aje sai ya dawo. Ranar gasa a Bakura ko Maradun in jefa ta aljihu in tahi."

"Ƙaramar na zafi in ta daɗe tana aiki."

"Ni ma haka nike. Inna, miƙo hannu ki auna muna."

"Nama ne da zan auna?" Lantana ta ce. Duk da haka ta goge hannu a zane ta karɓa. Ƙaramar ba ta fi sabulun wanka ba. Ta juya ta, ta shinshina, ta miƙa masa. "Wadda kake iya ɗauka da hannunka ba ka roƙi kowa ba, ita za ka ɗauka. Yanzu ba ni ɗayar ƙafar."

Ɗantala ya yi dariyar yaƙe ya mayar da babbar cikin kwali.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Lantana da na su Mamuda a unguwar mahauta, a Talata Mafara. Uwarsa ta rasu yana jinjiri, ita ta shayar da shi tare da nata ɗan, don haka ba mai gaya mata inda za ta tsaya a kansa. Sikila gare shi. Duk mazan gidansu da wuƙa suka tashi, shi ko sanyin asubar mayanka ba ya iya ɗauka. Abin da Allah ya ba shi yana cikin yatsu: gem ɗin ƙwallo. Tun daga Mafara har Bakura ba a cika samun mai cin sa ba, ga baki, yana bugawa yana zuba har mutum ya manta da fushin an ci shi. Ɗantala mai shagon gem shi ya buɗe musu shafi, shi ke riƙe da lambar sirrin. Mamuda ke bugawa, mutane na taruwa. Da abin da yake samu ya auri Mufida, ga ta yanzu da tsohon ciki.

Damina ta shigo da sanyinta, ciwon ya ƙi sauka. Mamuda ya daina zuwa shago. A kwance yake bugawa, matashi a ƙarƙashin wuya, talabijin a kan kujerar tsuguno, 'yar kafcar a gefen kunnensa da jar fitilarta. Sabis ya yi wuya a lokacin, sai ya riƙa tarawa a memori. Lantana kan shigo da farfesun ƙafar saniya ta same shi yana ta magana shi kaɗai.

"Da wa kake, kai kuma?"

"Da baƙon da ke tahe," ya ce, ya nuna Mufida da haɓa. "Ina koya mai yadda ake tsare gida. In ya iso ban nan, sai a kunna mai."

Ta kai masa duka a kafaɗa, mara zafi. "Ruhe min baki. Sha romo."

Ya sha cokali kaɗan ya ture. Kwanakin da suka biyo baya yatsun ma suka kumbura, ya daina riƙe abin bugawa, amma bai daina kunna kafcar ba. Sai ya sa tsohon wasa yana kallo yana ba baƙon labari: sunan kakansa, yadda ake gane naman da ya kwana, wanda za a gaisar a unguwa da wanda za a wuce.

Da hantsi ya cika, bayan an kwana ana ruwa. Kansa na kan cinyar Lantana, Mufida na riƙe da ƙafafunsa. Ya nemi ruwa, ya jiƙa leɓe, ya bi kalmar shahada da Lantana ke laƙƙana masa har ƙarshe. Ita ta shafe masa ido.

A ɗakin za a yi masa wanka, sai aka ce a fitar da kaya. Nan Ɗantala ya shigo. Duk gidan ba wanda ya kai shi kuka, har majina. Shi ya naɗe wayoyi, shi ya zuba gem da kafca da wayar marigayi a jaka, yana cewa gidan makoki ba a rasa mai dogon hannu, bari ya adana. Lantana da kanta ta ɗaga masa labule ya wuce. Wannan ɗaga labulen ya daɗe yana cin ta.

Bayan sadakar bakwai Mufida ta aika a karɓo. Ɗantala ya ce gobe. Goben ta zo ya ce ya tafi Bakura. Daga baya ya aiko da wayar kaɗai, fes, ba hoto ba murya, wai ta lalace ne aka wanke ta. Mufida na cikin takaba, ko zaure ba ta leƙawa. Ya san da haka, munafuki.

Wata 'yar ajin su Mufida ce ta zo gaisuwa, bayan an yi addu'a ta ce, "Ashe Ɗantala ya iya gem haka? Ko'ina shi ake zance." Ta miƙo waya. An canja wa shafin suna, tsofaffin wasannin da ke da muryar Mamuda duk an share. Ga sabo an sa, ƙwallo na gudu, kiɗa na tashi, Ɗantala na ihu yana yabon kansa. Mufida ta zuba ido. Can wasan ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

"Nan na kawo mai kunu," Mufida ta ce wa Lantana a hankali. "Ya tsai da wasa ya sha. Inna, nashi ne. Muryar ce anka cire."

Lantana ta yafa mayafi ta nufi mayanka, wurin baffan Mamuda. Ta same shi yana wasa wuƙa. Ta yi gaisuwa a gajarce ta zayyana masa.

"Lantana, kayan wasa ne," ya ce. "Yaron ya zo ya same ni. Ya ce akwai kiɗa a ciki, ya goge ne don kada alhaki ya riƙa bin marigayi cikin kabari. Ni ina ganin ya kyauta."

"Kiɗan na nan, da kunnena na ji shi. Muryar ɗanka ce babu."

"A bar wa Allah."

"Allah na gani. Ni ma kuma ina da ƙafa."

Ranar kasuwar Maradun aka ce za a yi babbar gasa, Ɗantala ne gwanin da ake jira. Ba hanyar da kowa ke son bi ba ce a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga, amma Lantana ta bar tukunyar farfesunta a hannun surukarta ta shiga mota, aka matse ta tsakanin buhun albasa da wata Bafulatana. Shinkafar Bakolori ta yi kore shar a gefen hanya, ko kallo ba ta ishe ta ba. Tana ta jera maganar da za ta faɗa, tana zubarwa, tana sake jerawa.

Ba ta sha wuyar nema ba, ƙarar janareta ta kai ta. Rumfa ce ta tamfol a bayan 'yan gyaɗa, samari cike, babban talabijin a kan tebur. Ɗantala na zaune a kujerar gaba da abin magana a kansa. Ga gem ɗin Mamuda, ga 'yar kafcar a kan tebur, an jona ta da waya, jar fitilar na ci. An riga an zura masa ƙwallaye, yana ta cewa abin bugawar ne ke sanƙarewa.

Samarin suka dare mata, don ba su saba ganin tsohuwa a wurin ba. Ɗantala ya ɗago ya gan ta, ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Inna, sannu da zuwa. Ina wuni? Ya hanya? Ya ƙarin haƙuri..."

"Riƙe gaisuwarka." Ta juya ga wanda ke karawa da shi, wani dogo mai gemu. "Kai, ɗan nan, wanga abu shina ɗauka yanzu?"

"Shina ɗauka, Inna. Kai tsaye muke."

"Mutane na ji?"

"Awo. Har na Sakkwato da Kano."

Ta sa hannu ta cire abin maganar daga kan Ɗantala, har da hularsa. Ba ta san yadda ake sa shi ba, sai ta riƙe shi gaban baki kamar ludayi.

"Salamu alaikum, ku da ke ji. Ni ce Lantana mai farfesu, ta Mafara. Ban yi boko ba, ban san ku ba, amma ku saurara. Wasan da kunka gani kuna yaba wanga yaro, ba nashi ba ne. Na Mamuda ne. Mamuda ya rasu, a cinyata ya cika. A kwance ya buga shi, ƙashinshi na ciwo. Matatai na da ciki, kuma duk maganar da ya bar wa ɗanshi tana cikin wanga ɗan akwati. Ranar da za a yi mai wanka wanga ya sace shi, shina kuka. Ku dube shi da kyau. Ku dubi kuma yadda ake cin shi yau, ku gaya min ko hannu ɗaya ne."

Wani ya kai hannu zai kashe, dogon ya tare shi. "Bar ta ta gama."

"Inna, don Allah," Ɗantala ya ce. "Saboda kiɗa na..."

"Ka sake ce min kiɗa in cire ma haƙori gaban duniya. Tambaya ɗaya zan yi ma. Maganar tana ciki, ko babu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kai nike."

"Memorin ya cika. Na share, na ɗora wasu a kai."

"Ba inda ka aje?"

"Babu."

Lantana ta dafa tebur. Duk hanyar nan ashe da sauran sa rai ta zo, tana cewa ƙila ya ɓoye wani wuri.

"Ki yafe min, Inna. Sharrin shaiɗan ne."

"Shaiɗan bai zo gidanmu ba ran nan, kai ka zo." Ta sake ɗaga abin maganar. "Ku shaida. Ni da na ba shi nono ban yafe ba. Matatai ba ta yafe ba. Wanda ke ciki kuwa, in ya fito ya yi wayo, ni zan kamo hannunshi in nuna mai kai a kasuwa, in ce ga wanda ya goge ubanka. In na mutu kafin nan na bar wa wani ya nuna. Allah ya isa tsakaninmu da kai, Ɗantala."

Rubutun masu kallo na ta gudu a fuskar wayar kamar tururuwa. Dogon ya duba, ya ajiye abin bugawarsa a tebur. "Ni ban ƙarasa wasa da shi," ya ce. Mai rumfar ya zo ya janye kujerar Ɗantala ya kife ta. Ba wanda ya taɓa shi, ba kuma wanda ya dube shi da zai fita.

Lantana ta fizge wayoyin ɗaya bayan ɗaya, talabijin ya yi baƙi. Kafcar ta yi zafi har tana ƙona tafin hannu. Ta ƙulle ta a bakin zane, ta sa aka zuba mata gem ɗin a jaka, ta ɗora a ka ta fita.

La'asar ta yi sanyi kafin ta iso gida. Mufida na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faifai. Labari ya riga Lantana isowa, don mata sun yi ta shigowa da wayoyi. Mufida ta dubi jakar, ta dubi fuskar tsohuwar. Ta matsa mata a tabarma, ta tura mata kwanon ruwa.

Lantana ta sha, ta miƙe ƙafafunta da suka yi taɓo.

"Inna," Mufida ta ce, hannunta a kan ciki, "marigayi in ya ci ƙwallo, ƙaƙa ma yake cewa? Tun safe nike son in tuna yadda yake jan ta."

Lantana ta gyara murya. Ta buɗe baki ta gwada, abin da ya fito muryar tsohuwa ce mai kaushi, ba ta ko kama hanya ba. Ta sake gwadawa ƙasa-ƙasa. Mufida ta girgiza kai.

Lantana ta jawo faifan gabanta. Suka ci gaba da tsintar, kowa da gefenta, kaza na bin tsakuwar da suke jefarwa.